Dokar Gidan Mai a Siton Mata

Alhajin da na yi wa aiki ya san abin da yake so sarai. Da bakinsa ya faɗa mana, a gaban kowa. Sai kuma ya je ya ɗauko mutumin da zai hana shi samun abin, ya ɗora shi a kan kujera, ya koma gefe yana jan carbi. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Sana'o'insa uku ne: gidan mai a bakin titin Katsina, shagon siminti a cikin garin Jibiya, da sito a Magama, dab da boda. A siton na samu aiki bayan na gama sakandare. Gwaggona ce ta kai ni, ita ce kuma ta sha fama da babana kafin ya yarda. Bai yarda don yana so ba. Ya yarda ne don an ce masa wurin mata ne, ya kuma gindaya mini magana ɗaya: ranar da na bar aikin nan, ko ni na fita ko korata aka yi, na dawo gida ke nan, kada wanda ya sake zuwa masa da zancen wani aiki. Babana ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta. Ni kuwa zaman gida a wurina daidai yake da a kulle ni a randa.

Siton dogon gini ne na kwano, da rumfa a bayansa, da tabarmi, da randunan ruwa, da wurin alwala. Matan Maraɗi da na ƙauyukan tsallake ne ke sauka a nan. Su zo da cuku, da busasshen zogale, da yakuwa, da dabino, da aya, su koma da atamfa da robobi da tukwane. Ba mai iya kwashe kayanta a tafiya ɗaya, don haka sai ta bar rabi a wurinmu, wani lokaci har ta je gida ta yi jinya ko biki ta dawo. Abin da Alhaji yake sayarwa ke nan a siton: mace ta juya baya ta tsallaka wata ƙasa, ta bar dukiyarta a hannun wata, ta kuma yi barci.

Matan suna da yadda suke yi. Mace ba ta barin kaya a hannun yarinyar da ba ta ci abinci da ita ba. Ranar farko za ta zauna a rumfa, ta kwance kwanonta, dambu ne ko garin rogo da ƙuli-ƙuli, ta dube ki ta ce bismillah. In kin sa hannu, shi ke nan, kin zama tata. Sai ta yago ƙyalle daga wani tsohon zaninta, ta ɗaure bakin buhunanta da shi, ta ba ki guntu ki riƙe. Daga ranar ba ta san Alhaji ba, ba ta san sito ba, ke ta sani. Ke za ta kira a waya ta tambayi ko ruwa ya shiga, ke za ta kawo wa ɗiyarta ranar da ƙafa ta fara ba ta wuya, ta ce ga wadda za ki riƙa nema. Kowace yarinya a cikinmu tana da matanta. Babu wanda ya tsara wannan. Haka muka tarar, haka kuma kuɗin Alhaji suke shigowa.

A cikin matana akwai wata tsohuwa 'yar Maraɗi, ƙatuwa, mai sayar da cuku da zogale, bakinta kullum ja da goro. Inna nake ce mata. Ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai "mai zahin kai". Mun shaƙu ne don dukkanmu ba mu da haƙuri. Ranar da na fara cin dambunta na ce mata gishiri ya yi yawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wagga ba ta iya ƙarya ba. Ɗauko mini buhunan."

Da aka rufe boda kowa ya watse. Da aka buɗe, sai ga wasu sun kakkafa nasu wuraren ajiya a tsallaken titi, matan kuma suka rarrabu. Alhaji ya tara mu a rumfa, ya yi jawabi mai kyau, wallahi mai kyau. Ya ce shi ba ya son mai wucewa, mai dawowa yake so. Ya ce yana son macen da za ta sauka a nan, ɗiyarta ta sauka, jikarta ta sauka. Ya ce ba zai yi gasar araha da 'yan tsallaken titi ba, abin da zai fi su da shi sabo ne da riƙon amana. Ya sa aka rubuta kalmar amana da manyan baƙaƙe a jikin bango, ya sayo sababbin tabarmi, ya sa fanka a rumfa. Na koma gida ranar ina ce wa gwaggona mutumin nan yana da kai.

Sati bai zagayo ba ya kawo mana Manaja.

Manaja ƙanen matarsa ne, shi ke riƙe da gidan mai tun da aka buɗe shi. Ba zan ci haƙƙinsa ba: a gidan mai ya iya aikinsa. Can baƙi ne ke zuwa, mota ta tsaya a zuba mata ta wuce, babu mai son hira, kowa sauri yake. Yaron famfo da ya saba da direba kuwa matsala ne, don yau zai ƙara masa lita, gobe ya ce je ka ka kawo daga baya. Saboda haka Manaja ba ya barin kowa ya daɗe a famfo ɗaya, ba ya barin a karɓi ko goro daga hannun direba, ba ya barin waya a aljihu. A can duk wannan daidai ne. Alhaji ya ga gidan mai yana tafiya lafiya, sai ya ce to ai an samu mai iya ma'aikata, a ba shi dukkansu. Kamar wanda ya ga wuƙa tana yanka nama da kyau ya ce a riƙa shan kunu da ita.

Ya zo mana da takalmi mai ƙyalli da makullin mota a yatsa. Ya tsaya a tsakiyar rumfa, bai zauna a tabarmar ba. Ya ce daga yau kamfani ɗaya ne, doka ɗaya. Kowa zai sa rigar aiki mai ruwan ganye, mu mata har da hijabi kalarta. Ba waya a bakin aiki. Ba karɓar tsaraba. Ba cin abinci da kwastoma. Kuma duk farkon wata za a juya mutane tsakanin gidan mai da shagon siminti da sito, don kada wani ya mayar da wuri gidan ubansa.

Sauran 'yan matan suka sunkuyar da kai. Ni ban iya wannan ba.

Na ce, "Manaja, to in mace ta buɗe kwano ta ce bismillah fa?"

Ya ce, "Ki ce kin ƙoshi."

"In ce wa matar da za ta bar mini buhunanta na ƙoshi?"

"Ba ke take bar wa ba, malama. Kamfani take bar wa."

"Kamfani yana da hannun cin dambu?"

Wata a bayana ta fashe da dariya ta toshe baki. Manaja ya juya makullinsa a yatsa ya ce da ganina ni ce irin waɗanda suka mayar da wurin gidan ubansu. Na waiwaya wajen Alhaji, wanda kwanaki kaɗan da suka wuce yake mana wa'azin sabo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce mai dawowa kake so. In ta dawo wa za ta tarar?" Ya yi murmushi irin na manya, ya ce, "'Yata, zamani ya canza. Ku ba shi haɗin kai." Ya ci gaba da jan carbinsa. A lokacin na gane bai ma ji cewa maganarsa ta ranar da ta yau suna faɗa da juna ba. Kowace ya faɗa yana jin daɗinta a bakinsa, iyakarta ke nan.

Abin dariyar bai ƙare ba. Manaja ya ce zai riƙa ba da kyauta ga gwarzon ma'aikaci, ma'auninsa kuma shi ne wa ya fi saurin sallamar kwastoma. A gidan mai wannan ma'auni ne. A sito kuwa, inda gaisuwa kaɗai sai an tambayi gida da jikoki da damina da yadda aka rabu da 'yan duwan, wato kwastan na tsallake, wadda ta ci kyautar farko ita ce wadda ba ta da mata ko uku, don ba ta gaida kowa. Fulas ɗin shayi aka ba ta, aka ɗauke ta hoto. Mu da matan ke nema muka zama malalata.

Wata ya kama, aka tura ni gidan mai. A madadina aka kawo wata yarinya 'yar garin Bugaje daga famfo, baiwar Allah, ba ta da laifin komai, abin da aka koya mata kawai shi ne "Sannu da zuwa, na nawa?" Aka haɗa ta da wani ƙato daga shagon siminti, wanda yake jefa buhun cuku yadda yake jefa buhun siminti. Ban samu na yi wa matana sallama ba, tunda an hana waya, lambobinsu kuma na tsallake ne, kira daga gida sai an shirya kuɗi. Na haɗiye. Na tuna maganar babana na haɗiye. Kuma don kada wani ya ce ƙyuya ce, a gidan mai na yi aikin da kyau. Mene ne a ciki? Ka ɗaga, ka zuba, ka rataye. Sai warin da ke bin ka har cikin tuwo.

Ranar kasuwa ce, rana ta take, layi ya yi tsawo, sai wani direban babbar mota, kamiyo, da na sani yana ɗauko matan Maraɗi ya tsaya a famfona. Ya leƙo ya ce, "Au, nan suka jefo ki? Ki je ki ga tsohuwarki. Tun safe tana zaune kan buhunanta a bakin titi, ta ce ba mai taɓa su sai kin zo."

Na ce, "Me ya faru?"

Ya ce ta sauka ta tambaye ni, aka ce an canza ni. Ta shiga rumfa, ta buɗe kwano ta kira sabuwar yarinyar. Yarinyar ta ce ta ƙoshi. Tsohuwa ta sake cewa bismillah. Yarinyar ta ce an hana. Shi ne ta rufe kwanonta, ta sa aka fito mata da kayan da aka fara shigarwa, ta hau kansu ta zauna a rana. Sauran matan da suka zo mota ɗaya kuma sun tsaya suna kallo, ba wadda ta shigar da nata.

Inna tana da hawan jini. Ni na san inda take ɓoye maganinta a bakin zani.

Na rataye famfo na shiga ofishin Manaja. Yana ƙarƙashin fanka yana cin tsire.

Na ce, "Manaja, ka ba ni izini in je Magama in dawo. Ba zan daɗe ba."

Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Matan da Alhaji ya ce yana so ne suke tsaye a titi da kayansu."

"Akwai ma'aikata a can."

"Ba su san su ba."

"To su san su. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Kin ga illar sabo? Kwastoma ta fara zaɓen wanda zai yi mata aiki." Ya lashe yatsa. "In kin fita daga harabar nan, ki wuce gida da rigar ki wanke ki kawo."

Na tsaya. Ba zan ce ban tsaya ba. Na ga tsakar gidanmu, na ga turmi, na ga kaina ina jiran la'asar ta yi don in samu abin yi. Sai na dubi mutumin nan da yajin tsire a gemu, wanda yake ganin tsohuwa zaune a rana a matsayin hujjar cewa shi ke da gaskiya. Na juya na fita, na tare motar Magama.

Na hango ta tun daga nesa, ta ɗora mayafi a ka, ta miƙe ƙafafu a kan buhun zogale kamar ita ta gina titin. Da ta gan ni cikin koriyar riga sai ta kwashe da dariya.

"Mai zahin kai! Mi sunka mayar da ke? Ganyen yakuwa?"

Na ce, "Inna, tashi daga ranar nan kafin ki faɗi ki ja mini magana."

"Ba ni tashi. An ce kin koma saida mai. Na ce ɗiyar da ni ka ba dambu? Ku kira ta ta hwaɗa mini da bakinta."

"Ga ni. Kin sha maganinki?"

"Ke kika haife ni?"

Na kama hannunta na ja ta rumfa. Ta zauna ƙarƙashin sabuwar fankar Alhaji, ta kwance kwanon, ta tura shi gabana. Dambun ya huce, man ya daskare. Na naɗe hannun rigar kamfani na sa hannu. Sai ta juya wajen 'yar Bugaje, wadda take raɓe a bango kamar za ta yi kuka, ta ce, "Ke kuma mai ƙoshi, taho. Ba ke ce kika yi dokar ba." Yarinyar ta dubi ƙofa, ta dubi kwano, ta girgiza kai. Ban ga laifinta ba. Ita ma da nata uban a gida.

Muna cikin ci motar Manaja ta tsaya, Alhaji a gaba. Ashe ya biya ya ɗauko shi don ya ga abin da idonsa. Alhaji ya shigo da fara'a, ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Maraɗi, ya nuna mata fanka da tabarmi, ya ce duk don su aka yi.

Inna ta ce, "Alhaji, ni ba hwanka ta kawo ni ba. Iska muna da ita gida. Wagga yarinya nika bar ma kaya. In tana nan ina nan."

Ya ce, "Hajiya, ai duk 'ya'yanki ne. Duk wadda kika tarar taki ce."

"To mi ya sa sunka hana ta cin abincina, in tawa ce?"

Alhaji ya yi dariya, ya ce Hajiya ba ta da dama. Ya dubi Manaja. Manaja ya ce in aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe yaran famfo ma za su ce suna da nasu direbobin. Na zuba wa Alhaji ido. Wuri nasa, kuɗi nasa, jawabi nasa, ga matar da ya ce yana so zaune a gabansa tana gaya masa abin da zai riƙe ta, kuma abin ba ya cin ko sisi. Abin da ake buƙata kawai ya ce sito daban, gidan mai daban. Ya gyara hularsa ya ce, "To, harkar ma'aikata kam na bar ta a hannun Manaja." Ya yi wa Inna fatan sauka lafiya ya fita.

Na gama cin dambuna tas. Na tashi na shigar da buhunan Inna da kaina, na jera su inda ruwa ba ya taɓawa, na duba ƙyallayen. Sauran matan suka shigar da nasu. Manaja yana tsaye a ƙofa yana kallo, bai hana ni ba, tunda aikin kyauta ne. Da na fito ya ce in kawo rigar gobe. Na kai masa washegari, da maiƙon dambun a hannunta.

Babana bai yi faɗa ba. Ya saurari gwaggona har ta gama rantse-rantsenta, ya ce, "Na ji. Ba ta yi laifi ba. Amma na riga na yi magana." Shi ke nan. Na koma tsakar gida.

Inna ta zo ta kwashe kayanta a zuwanta na gaba, ta koma tsallaken titi. Ta aiko mini da cuku sau biyu, sannan ƙafa ta kwantar da ita, ɗiyarta ta karɓi fataucin, ni da ɗiyar kuwa ba mu taɓa cin abinci tare ba. Sauran matan ba rana ɗaya suka watse ba. Wasu sun yi ta gwadawa. Su lallaɓa yarinya ta ci a ɓoye a bayan randa, su fara sakin jiki da ita, wata ya kama a ɗauke ta a kawo wata. Sau nawa mace za ta yi ta yaga zaninta? Ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka titi.

Kada a ɗauka siton ya mutu. Yana nan, yana kawo kuɗi. Yanzu maza ne ke haya, masu katan-katan na taliya da sabulu, su sauke da safe su ɗora da yamma, ba wanda ya san sunan wani. An naɗe tabarmin, an cika rumfar da kaya. Dokokin Manaja sun zauna wa wurin daram, tunda ya mayar da shi gidan mai marar famfo. Alhaji ya samu masu wucewar da ya ce ba ya so, kuma ban ga alamar ya lura ba.

Kwanakin baya na raka gwaggona Magama gaisuwar rasuwa, muka ci karo da shi a ƙofar siton, ƙarƙashin rubutun nan na bango da fentinsa ya fara ɓarewa. Ya gane gwaggo, ni bai gane ni ba. Tana tambayarsa kasuwa sai ya girgiza kai, ya ce matan tsallake ba su da riƙo, ka yi musu fanka ka yi musu tabarma, su bar ka su koma wajen wani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, su wa za su riƙe? Kowa ka sa musu ka ɗauke."

Ya dube ni da kyau, ya tambayi gwaggo ko 'yarta ce. Ta ce eh. Ya ce yarinyar tana da baki, da za ta yi kyau a famfo. Gwaggo ta damƙe mini hannu ta ja ni, muka wuce gidan rasuwar.